Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wata Nawa Ya Rage Muku?

A makon jiya na tsaya a inda manhajarmu ta fara samun jama'a, ni da abokin aikina kullum safiya sai mun leƙa adadin masu rajista. Ana cikin haka wani dattijo da ya daɗe yana zuba jari a sababbin kamfanoni ya yarda ya saurare mu.

Na juya masa kwamfuta don ya ga yadda layin adadin masu rajista ya miƙe sama. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ko kallon allon bai yi ba.

"Yarona, in daga yau babu wanda ya ƙara muku jari, wata nawa za ku yi kafin ku rufe?"

Abokina ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, ai girma muke yi."

"Kumburi ma girma ne," in ji shi.

Ya jawo takarda ya sa muka rubuta abin da ke asusu, muka raba shi da giɓin kowane wata, wato abin da ya fita bayan an cire abin da ya shigo. Amsar ba ta kai shekara ba. Ya ce shi ya fi son ganin wata 18, domin neman sabon jari kaɗai kan cinye rabin shekara. Daga baya na ga Paul Graham na Y Combinator, kamfanin Amurka mai zuba jari a sababbin kamfanoni, ya yi rubutu a kan irin wannan tambaya a 2015: da kuɗin da ke hannu da saurin haɓakar ciniki, kamfani zai kai ga riba, ko kuɗin za su riga ƙarewa?

Sai ya koma kan masu biya, kuma a nan ya fi daɗewa. Cikin mutum 100 da suka biya a wata guda, nawa ke biya har yanzu? In kashi 5 cikin ɗari suna zamewa duk wata, ƙaramin abu ne a ido, amma bayan shekara guda, mutum 54 kawai za ka tarar. Kuɗin talla kuwa an riga an kashe a kan duka ɗarin. Ya tuna mana da Pets.com a Amurka, kamfanin sayar da kayan dabbobin gida ta intanet da ya yi suna da talla, yana sayar da kaya da asara, ya shiga kasuwar hannun jari a Fabrairun 2000, ya rufe a Nuwamba.

Akwai ƙa'idar da masu jari ke yawan faɗa, wai ribar da za ka samu daga mai saye tsawon zamansa da kai ta ninka kuɗin jawo shi sau uku. Ni dai har yau ba na sakin jiki da ita. Kamfanin da bai shekara biyu ba, ina ya san tsawon zaman mai saye? Hasashe ne, kuma mai kamfani ba ya hasashen da zai ɓata masa rai. Lissafin waɗanda suka dawo suka sake biya kuwa ba ya karɓar kwaskwarima.

Dattijon ya sallame mu da aiki: mu kasa masu biya gwargwadon watan da suka shigo da hanyar da suka biyo. Da muka kasa, sai ga shi waɗanda abokansu suka kawo su ne ke zama, na talla kuwa mafi yawansu wata biyu sun ɓace. Na ce a tsayar da talla. Abokina ya ce sam, sai dai a raba gari. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.