Asabar, bayan shingen Cap d'Agde

Dogo bai zo aiki ba. Haƙorin nan nasa ne dai da nake ta fama da shi ya je a cire, yau ya kumbura masa kunci guda. Ko jakata ban ajiye ba patron ya miƙo mini makullin farar motar da takardar zagaye, ya ce ni zan yi layin Dogo. Kun san layin Dogo. Tun da na kama aikin nan na hutun ƙarshen shekarar karatu a Cap d'Agde, garin shaƙatawa na bakin teku a kudancin Faransa, nake zille masa, in ɗauki unguwannin Rochelongue da Richelieu da gidajen bakin tashar jiragen ruwa, in bar masa unguwarsa ta masu tsiraici. Yau kuwa babu mafaka. Asabar ce, ranar da masu haya ke fita wasu su shigo, zannuwan gado da tawul har rufin mota.

Ban karya ba sai kofi. Hanya a cushe, motocin Jamus da Beljiyam da Holan, kowa da kekuna ɗaure a baya.

A ƙofar unguwar akwai shinge da masu gadi. Baƙo sai ya biya an ba shi kati, mu masu kai kaya kuma da katin aiki muke wucewa, kuma babu wanda ya ce mu tuɓe, don na san tambayar da ke bakin wasunku ke nan. Ciki gari ne sosai, da shaguna da gidan burodi da wurin gyaran gashi, da tashar jiragen ruwansu ta Port Ambonne, ga ƙaton ginin Héliopolis ya lanƙwaso yana fuskantar teku. An ce a tsakiyar Agusta mutane kan kai dubu 40. Wanda na fara gani yana layin burodi ne, da malafa da silifa da 'yar jakar kuɗi a wuya, iyakar suturarsa ke nan. Na kafe ido a kan sitiyari. Dogo ya riga ya yi mini huɗuba ta waya da bakinsa mai ciwo: lambar ƙofa kawai za ka duba, kuma kada ka kuskura ka fito da waya, an hana ɗaukar hoto kuma ba sa wasa da wannan. Da haka na gama gidajen haya lafiya lau. Na ma fara jin kaina gwani. Tawul ɗinmu kuwa ya fi tafiya a nan fiye da ko'ina, don dokarsu ce ba ka zama a kujera sai ka shimfiɗa shi.

Na ƙarshe a takarda shi ne wani gidan abinci da ke kan rairayin bakin teku. Keken kaya ba ya tafiya a yashi, dole na saɓa ƙunshin a kafaɗa. Gaɓar tasu ta kai kilomita 2, ta miƙe har wajen Marseillan, kuma cike take, an baje jajur kamar barkono a kan tabarmar shanya. Wannan na karanta jarida, waccan na cin kankana, galibinsu ma tsofaffi. Ko kallona ba wanda ya yi. Ina tafe ina ƙirga yatsun ƙafata sai ledar ta yage, tawul suka watse a yashi. Bakina ya suɓuce na ce, "Wayyo, na shiga uku!"

Sai na ji daga bayana: "Ba ka shiga uku ba, yaro. Sannu da aiki."

Wallahi na ɗauka kunnena ne. Na waiwaya, ga wani tsohon Bature, zai haura tamanin, furfura har a gira, da agogo a hannu da hula hana-salla a ka, ba sauran komai. Ya duƙa yana tsince mini tawul yana kakkaɓewa. Ya ce, "Ina gajiya?" Na ce ba gajiya. "Ina gida? Ina labari?" Sai alheri. Hausarsa ta tsufa, ta karkace a wasu wuraren, amma gaisuwar ya jero ta tsaf ba tsallake, irin ta mutanenmu na arewa. Ya tambaye ni mutumin ina ne, na ce Damagaram, ya tafa hannu ya ce ya taɓa kwana a can, har ya ga fadar Sarki.

To a nan wahalar take. Jikina bai jira shawarata ba. Dattijo ya gaishe ka, gwiwa ta san aikinta, sai na ji na fara rusunawa, bakina kuma ya riga ya ce, "Ina wuni, Baba?" Tun muna ƙanana da carbi a hannu Gwaggo ke koya mana cewa yaro ba ya zuba wa babba ido, ƙasa ake kallo. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka rene ni, na ɗago da sauri ina salati a zuci. In na dube shi cikin ido, tsaurin ido. In na yi ƙasa da kai, abin da ya fi haka. Gaba kura, baya sayaki. Daga ƙarshe na zaɓi bakin hularsa, a nan na ajiye idona har muka rabu, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu biyu na karɓar tawul. Duk wanda ya hango mu daga nesa ban san me zai ce muna yi ba.

Shi kuwa ko a jikinsa. A Arlit da ke arewacin Nijar ya yi aiki a shekarun 1970, makanikin manyan motocin haƙar yuraniyom. Ya ce yaran garejinsa ne suka koya masa Hausa, da matan da yake sayen fura a wurinsu. Duk hutu nan yake zuwa tun wancan lokaci, sa'ad da wurin bai wuce gonakin inabi da sansanin tantuna na 'yan gidan Oltra ba. A 1973 aka ware musu gaɓar a hukumance, daga nan gine-gine suka biyo. Ya yi tsaki ya nuna wajen gidajen rawa da haɓa, ya ce masu zuwa da dare yanzu ba irinsu ba ne, sun ɓata musu suna, su da rana da iska da ruwa kawai suka zo nema. Na ga ikon Allah: mutum tsaye ba ko ƙyalle yana kukan lalacewar tarbiyya. Dariya ta taso mini na danne, don da gaske yake, kuma irin kukan da Kawu ke yi ne a zaure ba bambanci.

Ya tambayi hanyar Tawa zuwa Arlit, na ce ta mutu, ramuka ne kawai. Ya san an rufe mahaƙar yuraniyom ta Akokan, kusa da Arlit, a 2021. Ya ce ya so ya koma ko sau ɗaya kafin ƙafa ta ƙi, ya nemi yaransa in akwai mai rai, sai ga juyin mulkin Yulin 2023, sojojin Faransa suka fita, aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai. Ya juya tafin hannu sama. Ina da maganganu a cikina game da wannan ma'adini da abin da ya bar mana, kun sha karanta su a nan. Amma ba a yin gardamar siyasa da dattijo a wannan hali, kuma ni ma hanyar gidan ba ta miƙe mini ba tun da jiragen Faransa suka daina sauka Yamai. Muka yi shiru tare.

Da ya ɗora mini tawul na ƙarshe sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah shi yi maka albarka, yaro. A gai da gida." Na ce amin, Baba.

Na kai kaya, an sa hannu, na fito. Azahar a bayan mota, a filin ajiye motoci can wajen shinge. Na san kallo ba ya karya alwala, amma na sake ta.

Tun da na dawo ɗaki abin ke cina. Tun zuwana ƙasar nan albarka ta waya nake samu, murya ce daga nesa tana yankewa. A jami'a malamai na da kirki, amma ba wanda zai dafa ka ya yi maka addu'a. Ga shi yau na same ta da hannu a kafaɗa, cikin harshena, daga mutumin da in ya fito haka a Birni yara za su bi shi da jifa suna ihu. Ra'ayina bai motsa ba, sutura mutunci ce, ba zan taɓa gane abin da ke kai mutum ya biya kuɗi don ya tuɓe ba. Amma tsohon ya san gaisuwa, ya duƙa ya taimaki yaro, ya tambayi mutanen gida. Na rasa inda zan ajiye waɗannan biyun su zauna wuri ɗaya. Na gaya wa wani abokina mutumin Mali, ya yi ta dariya har shinkafa ta sarƙe shi, ya ce shi da gudu zai yi. Shi komai dariya ne.

Ban ci abincin ba sosai. Ƙafa na zafi.

Bayan isha'i Inna ta kira. Na ce mata na gamu da wani dattijon Bature mai jin Hausa, ya zauna Arlit, har ya sa mini albarka. Murna kamar me. Ta ce, "Ka dai gaishe shi da kyau ko? Ka durƙusa?" Na ce na durƙusa, Inna. Ta ce irin waɗannan ba a sakinsu a baƙon wuri, in wani zai taho za ta ba da kilishi in kai masa har gida. Na ce to. Ta ce kuma in na koma in ɗauko hotonmu tare ta ga fuskarsa, ta nuna wa Gwaggo.

Na ce mata kyamarar wayata ta lalace. Patron kuma ya turo saƙo yanzu, wai sai Laraba za a duba haƙorin Dogo.