Mako na shida: na goge rabin taswirata

Assalamu alaikum, abokan koyo. Mako shida ke nan ina yawo da waya ina auna hayaniya a cikin birnin Katsina, jiya kuwa na goge rabin abin da na tara.

Ga waɗanda suka shigo daga baya: manhajar NoiseCapture nake amfani da ita, ta Android ce, masu bincike a Faransa suka yi ta, kyauta, kuma tana ajiye kowane awo tare da inda aka ɗauke shi. Wurarena sun haɗa da shataletalen Ƙofar Ƙaura, bakin babbar kasuwa, Ƙofar Soro, lungunan kusa da hasumiyar Gobarau, da layi biyu a GRA. Minti biyar a kowane wuri, waya a tsayin mita 1.5, nesa da bango don kada ƙara ta dawo ta ruɗe ni. Iskar hunturu ta so ta ɓata min aiki, sai na yanko ɗan soson tsohuwar katifa na lulluɓe bakin makirfon.

Kuskurena na farko na lissafi ne. Desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, ba ya taruwa yadda ake tara kuɗi. Janareto biyu, kowanne na ba da 70, in sun tashi tare 73 za ka gani, domin ƙarin 3 yana nufin ƙarfin ƙarar ya ninka. Ni kuwa sai in haɗa awon 60 da na 80 in raba biyu in rubuta 70. Ashe amsar 77 ce, mai ƙarfin shi ke rinjaye. Duk wuraren da na yi wa haka na rage musu hayaniyarsu da hannuna.

Na biyun ya fi ba ni haushi. Wani layi na masu walda da teloli na auna shi ran Talata, ya fito kore shar a taswira, alamar babu hayaniya. Na koma ran Alhamis daidai wannan lokaci, ko sallamar mai shago ban ji ba. Ran Talata akwai wuta, ran Alhamis an ɗauke, kowa ya ja injinsa. Wato taswirar da aka yi ba tare da rubuta ko akwai wuta ba, rabin labari ta ba ka. Yanzu na ƙara gurbi a littafina: wuta, akwai ko babu. A QGIS, manhajar haɗa taswira, ma taswira biyu zan fitar.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wani yaro mai injin niƙa. Ƙa'idar NIOSH, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, ita ce kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85, a 88 kuwa awa 4 kacal. Shi daga safe har la'asar kansa na kan injin. Da ya ga ina ɗaga waya sai ya ce, «Yallaɓai, haraji ne?» Sai da na yi rantsuwa. Dokar hayaniya ta NESREA, hukumar kare muhalli ta Najeriya, tana nan tun 2009, amma shi auduga a kunne ma bai taɓa sa wa ba.

Ran Asabar bayan magariba zan ɗauki Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Marusa. Wanda ke da wata irin waya ya zo mu jera su wuri guda, ina zargin tawa tana ƙara gishiri.