Ni da Kawu a filin sukuwar York da bakin tekun Scarborough

Kawuna ya zo Ingila ganin likita, bayan an gama duba shi aka ce ya ɗan huta tukuna kafin ya hau jirgi. Mutum ne da tun tasowarmu ba a raba shi da doki, ko yanzu akwai ingarmu a turke a gidansa a Katsina, in yara suka yi lalaci shi da kansa yake zuba musu harawa da dusa. To irin wannan mutumin ka zaunar da shi a falo a Birmingham yana kallon talabijin ai ka gama da shi. Na kai shi kantuna bai ga abin burgewa ba, gidan tarihi kuwa hamma ya dinga yi. Maiɗakina ce ta ga tallar wani kamfanin bas, wai za su ɗauke ka ranar Juma'a su kai ka Scarborough bakin teku, Asabar a kai ka sukuwar Ebor a York, Lahadi ka sha iska, Litinin a dawo da kai, kuma kuɗin ya haɗa da otal da karin kumallo da abincin dare da tikitin shiga filin. Da na lissafa kuɗin jirgin ƙasa da na otal daban daban sai na ga wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, nan take na biya mana.

Abu na farko da mutum zai sani shi ne agogon direba ke mulkin tafiyar nan. Ba motar tasha ba ce da za a zauna jiran ta cika ko a ce dan Allah direba dakata wane ya je kama ruwa, in ya ce tara saura kwata to tara saura kwata ƙofa ta rufe. Kujerarka ma tun ranar da ka biya aka ba ka lambarta, kuma ita ce taka har a dawo. Mu kaɗai ne baƙaƙe a motar, sauran kusan duk tsofaffin Turawa ne ƴan fansho, wasu a shekara sai su yi irin wannan tafiyar sau da yawa har sun san direban da sunansa. Doka ta ce direba ba zai wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi ba sai ya huta minti arba'in da biyar, saboda haka dole a tsaya a hanya, a nan muka yi alwala muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a gefen wajen ajiye motoci. Juma'a dai ta wuce mu, amma matafiyi an ɗauke masa.

Otal ɗin namu tsohon gini ne, ɗakin tsaf amma ƙarami, kuma da a ce kowa ɗakinsa daban ya ɗauka da sai an ƙara mana kuɗi, haka tsarinsu yake, mai kwana shi kaɗai shi ke shan tsada. Inda sai ka buɗe ido shi ne abinci. Karin kumallon Bature naman alade ne ta ko'ina, har da wani baƙin abu da ake yi da jini, Kawu da na faɗa masa ko mene ne sai da ya tura kujerarsa baya. Muka tsaya a kan dafaffen ƙwai da wake da burodi da shayi. Da dare kifi ko ganye. In da za ka faɗa wa kamfanin tun wajen biya cewa ba ka cin nama, za su rubuta a takardar otal, ya fi ka zo kana bayani a gaban mutane.

Ranar Asabar muka kama hanyar A64, wajen mil arba'in ne tsakanin Scarborough da York amma ranar sukuwa cunkoso sai ya kusa ninka lokacin. Filin ana ce masa Knavesmire, fili ne shimfiɗaɗɗe a kudancin gari, tun 1731 ake sukuwa a wajen, da can ma a nan ake rataye masu laifi, direbanmu har yana nuna mana wajen da aka rataye ɗan fashin nan Dick Turpin a 1739 kamar wani abin alfahari. Azahar ta shiga kafin a fara tseren farko, sai muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa bayan bas muka fuskanci kudu maso gabas, ba wanda ya ce mana kanzil.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe: ka tambayi kamfanin wane irin tikiti ne a cikin kuɗin. Filin kashi kashi ne. Akwai County Stand na masu hannu da shuni, can sai namiji ya sa kwat da nakatayi. Akwai Clocktower a tsakiyar fili, ya fi araha, kana iya zuwa da abincinka, amma ba za ka kai wajen da ake zagayawa da dawakai ba. Namu Grandstand and Paddock ne, kuma wallahi da ba shi ba da tafiyar Kawu ta tashi a banza, domin shi duk abin da ya kawo shi yana wannan ɗan da'irar da ake jan dawakai a gaban jama'a kafin mahaya su hau. Can muka yini. Ya sha babbar riga da hula, Turawa sai ɗaukar hoto suke da shi, shi kuma ko a jikinsa, ya kafa gwiwar hannu a kan shinge yana kallon ƙafafu.

"Kai yaro, dubi wancan aharas ɗin, ya jiƙe sharkaf tun ba a hau shi ba, ya gama tserensa a nan."

"Kawu ai shi mutane suka fi sa wa rai."

"Su suka sani."

Dokin kuwa can baya ya ƙare. Amma kada in yi ƙarya, a tsere na gaba wanda Kawu ya yaba shi ma bai tsinana komai ba, sai ya ce laifin mahayin ne, ya riƙe shi da yawa.

Abubuwa biyu suka ɗaure masa kai. Na ɗaya sirdin, ɗan mitsitsi kamar ba sirdi ba, ga likkafa an ɗage ta can sama, mahayin ba zama yake ba, a tsugune yake a kan wuyan doki, su kansu mahayan ƴan firit, kilo hamsin da ɗoriya. Na biyu, da na karanta masa ɗan littafin da ake sayarwa a ƙofa na ce yawancin dawakan da za su yi babban tseren dandaƙaƙƙu ne, sai ya yi shiru ya ce, "Doki kamar wannan a dandaƙe shi? To me za a bar wa baya?" Na ce su a wajensu in doki bai kai a ajiye shi don barbara ba, dandaƙar na sa ya nutsu ya mai da hankali kan gudu. Bai gamsu ba har yau.

Ita Ebor ɗin, wato babban tseren ranar, tun 1843 ake yin ta, nisanta mil ɗaya da kashi uku cikin huɗu, wato ta kusa kilomita uku. Tsarinta shi ne dokin da aka san ya fi gudu a ƙara masa nauyi, ana zura dalma a aljihun shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, ana auna mahayi da kayansa kafin ya hau, waɗanda suka zo gaba kuma a sake auna su bayan sun sauka. Bulala ma an ƙayyade, a tseren da ba tsallake mahayi ba zai wuce shida ba, in ya zarce a dakatar da shi. Wannan Kawu ya yaba ƙwarai. Da lokaci ya yi muka kutsa har bakin shinge, kuma ina ba kowa shawara ko sau ɗaya ya sauko daga kan benen ya tsaya nan, don daga sama kallo kawai kake, amma a ƙasa kana jin kofato na dukan ƙasa a ƙirjinka, kana jin numfashinsu da ihun mahayan, ciyawa na fallatsowa, kafin ka ce me sun wuce.

A filin akwai mutum-mutumin Frankel, dokin marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wanda ya yi tsere 14 ba a taɓa kayar da shi ba, ɗaya a nan York a 2012. Ga kuma dawakan Godolphin na Sarkin Dubai da shuɗiyar rigarsu. Na faɗa wa Kawu cewa duk dawakan tseren nan asalinsu ta wajen uba ingarmu uku ne da aka kawo daga ƙasashen gabas, ɗaya daga ciki a Halab ta Siriya aka saye shi a 1704 aka kawo shi wani gida da bai da nisa da hanyar da muka biyo da safe. Ya ce, "To ka gani, aro suka yi suka fi mai kaya."

Sai maganar caca, wadda ba yadda za ai ka kauce wa ganinta. Ita ce ke riƙe da harkar baki ɗaya, masu karɓar kuɗi sun jeru da allunansu, giya kuma tun rana tsaka, zuwa yamma sai ka ga mata sun cire takalma suna tangaɗi. Wata tsohuwa ƴar motarmu da ta lura Kawu ya san doki ta matso ta ce ya zaɓar mata ɗaya. Na fassara masa, ya ce in gaya mata ya gode amma ba zai zama sanadi ba. Ta yi dariya ta ce ba komai. Ni dai ban ga inda rashin cacar ya rage mana komai ba, su idonsu na kan allo da takarda, mu namu na kan dabbar. Abin da ya rage mana daɗi shi ne agogo, tseren ƙarshe na ƙarewa sai gudu neman bas a cikin ɗaruruwan bas masu kama da juna, ga Kawu da ciwon gwiwa. Ka ɗauki hoton lambar motar da layin da ta tsaya tun da safe.

Scarborough kuwa ni ta fi burgewa. Gari ne a kan tudu, wani tsohon gidan sarauta na ƙarni na 12 ya raba gaɓar biyu, ta kudu ita ce mai hayaniya da jakunan da yara ke hawa, ta arewa shiru. Tun 1626 da aka gano wani ruwan marmaro da ake cewa magani ne mutane suka fara tururuwa. Akwai ƙaton otal ɗin Grand da aka buɗe a 1867, an yi masa hasumiya huɗu saboda yanayi huɗu na shekara, hawa goma sha biyu saboda watanni. Jiragen ruwan Jamus sun yi wa garin ruwan wuta a Disambar 1914. Saukowa bakin ruwa akwai wani ɗan tarago da igiya ke ja a jikin dutse, shi ya ceci gwiwar Kawu. Ruwan ko a watan Agusta ƙanƙara ne, ya tsoma ƙafa ɗaya ya janye yana salati, ga Turawa tsamo tsamo a ciki. Ya fi jin daɗin ganin yadda tekun ke ja da baya ya bar fili fetal sannan ya dawo, sau biyu a yini.

Kifi da dankalin bakin tekun da ake ta zuzutawa, ka tambaya kafin ka saya, a wannan yankin shaguna da dama da kitsen shanu suke suya, wasu kuma har giya suke zubawa a ƙullun. Sai a shago na gaba muka samu mai man gyaɗa irin nasu. In ka saya kuma ka rufe kwalin, tsuntsayen tekun nan ɓarayi ne na gaske, a gabanmu ɗaya ya fizge kifin wani yaro daga hannunsa.

A hanyar dawowa aka zagayo da ambulan na ihisanin direba, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa. Da zan sake kai dattijo irin wannan tafiyar, zan nemi wadda filin sukuwar ke cikin garin bakin tekun, kamar Redcar ko Great Yarmouth ko Brighton. Dawakan ba za su kai na York ba, taron ma haka, amma ba zaman cunkoson A64, kuma in mutum ya gaji zai iya ɗaukar tasi ya koma ɗaki ya miƙe ƙafa ba sai ya jira mutum hamsin ba.