Daga zango zuwa zango a kewayen duwatsun Annapurna

A tsakiyar ƙasar Nefal akwai wata hanyar ƙafa da take kewaye jerin duwatsun Annapurna. Tana farawa daga kwarin kogin Marsyangdi ta gabas, ta yi ta haurawa har mashigin Thorong La mai tsayin mita 5,416, sannan ta gangara kwarin kogin Kali Gandaki ta yamma. Tun 1977 aka buɗe ta ga baƙi, kuma abin da ya sa ta yi suna shi ne ba sai mutum ya ɗauki tanti ko tukunya ba, domin kusan duk bayan tafiyar 'yan sa'o'i akwai ƙauye, kuma a kowane ƙauye akwai gidajen da suke saukar matafiya. Na bi wannan hanya tare da ƙanina a watan Oktoba, lokacin da damina ta ɗauke a can kuma sararin sama ya washe, muna tare da jagora ɗan ƙabilar Gurung da ɗan dako guda. Na tafi ina ɗokin ganin duwatsu, kuma na gan su, amma abin da ya fi zaunawa a raina shi ne yadda mutanen ƙauyukan nan suke riƙe da tafiyar baki ɗaya, ta yadda baƙo ba ya kaiwa ko'ina sai da abincinsu da wutarsu da shawararsu.

Shirin farko a birnin Katmandu ko na Pokhara ake yin sa. Yankin yana ƙarƙashin shirin kare muhalli na Annapurna, wanda aka fara a 1986 kuma ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 7,629, saboda haka sai an yanki takardar izinin shiga, wadda ake dubawa a shingaye da dama a kan hanya. A 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta sanar da cewa baƙi su riƙa tafiya da jagora mai lasisi. Ko da ba a ce dole ba, ni dai ba zan shawarci kowa ya tafi shi kaɗai ba.

Daga Besisahar, inda tsayin ƙasa bai wuce kimanin mita 760 ba, muka shiga mota ƙirar jif zuwa Dharapani, daga nan ƙafa ta karɓi aiki. Ƙasan kwarin akwai ɗumi da gonakin shinkafa da aka yanka hawa-hawa a jikin tudu, amma muna isa Chame, hedikwatar gundumar Manang, wadda take kan kimanin mita 2,670, sai sanyi ya fara shiga ƙashi. A nan na tuna cewa Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato mun riga mun kwana sama da duk wani wuri da za a iya takawa a ƙasarmu, alhali tafiyar ba ta yi nisa ba.

Tsarin masaukan iri ɗaya ne kusan ko'ina. Ɗakin kwana ƙarami ne, bangonsa katako, da gadaje biyu da katifa da bargo, babu abin ɗumama ɗaki, don haka buhun barci mai kauri wajibi ne. Kuɗin ɗakin kaɗan ne ƙwarai, domin ribar mai gida a abinci take, kuma al'adar da kowa ya sani ita ce inda ka kwana nan za ka ci abincin dare da na safe. Wanda ya kama ɗaki a gida ɗaya ya tafi cin abinci a wani gidan ya ci amanar mai masaukinsa. Rayuwar gidan kuwa duk a zauren cin abinci take, inda ake hura murhun ƙarfe a tsakiya da yamma, a ƙasa da itace, a can sama inda itatuwa suka ƙare da busasshen kashin yak, wato wani irin sa mai dogon gashi da ba ya rayuwa sai a tudu mai sanyi. Duk wanda ya ji labarin fatake a bakin kakanni zai gane tsarin nan da nan, domin akwai zango, akwai mai masauki da yake sanin labarin hanya tun kafin matafiyi ya tambaya, akwai kuma madugu da maganarsa ita ce ta ƙarshe.

A ƙauyen Ngawal na zauna a bakin ƙofar kicin ina kallon uwar gida tana aiki. Tukwane uku ne a gabanta, ɗaya ta matsi tana huci, domin a irin wannan tsayin ruwa yana tafasa tun bai yi zafi sosai ba, shinkafa kuma ba ta nuna da wuri a tukunyar da ba ta matsi ba. Da hannu ɗaya tana juya miya, da ɗayan tana rubuta abin da kowane ɗaki ya ci a wani littafi da ya sha hayaƙi, bayanta kuma goye da yaro. Hannayenta duk sun tsage saboda ruwan sanyi. Da ta ga kwanona ya kusa ƙarewa, ba ta tambaye ni ba, sai ta ƙaro shinkafa da miya. Wannan abincin, dal bhat, shinkafa ce da miyar wani ƙaramin wake da ganye da dankali, kuma shi kaɗai ne ake ƙara wa mutum har ya ƙoshi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Shi jagora da 'yan dako suke ci safe da dare, shi muka riƙe mu ma, kuma ya sauƙaƙa mana batun halal, tunda mun bar nama gaba ɗaya har muka sauko.

Farashin komai yana hawa tare da hanya. Kofin shayi da cajin waya da bokitin ruwan zafi duk suna ƙara tsada daga zango zuwa zango, kuma na ji wasu baƙi suna ƙorafi a kan haka. Ban ga dalilin ƙorafin ba, domin na ga yadda kayan suke isowa. Bayan garin Manang babu mota, sai ayarin alfadarai masu ƙararrawa a wuya, ɗauke da tukwanen gas da buhunan shinkafa, da kuma mutane masu dakon kaya da igiyar da suke ratayawa a goshi. Idan ayarin ya taho, matafiyi yakan raɓe ta gefen dutse, ba ta gefen rami ba, don kada kayan dabba su ture shi. Wanda ya ga wannan wahala da idonsa ba zai tsaya ciniki a kan kofin shayi ba.

Tsakanin Pisang da Manang akwai hanya biyu, ta ƙasa mai sauƙi da ta sama wadda take bi ta Ghyaru da Ngawal. Jagoranmu ya zaɓi ta sama duk da hawanta mai tsanani, saboda jiki yana saba wa tudu idan aka hau can sama a cikin yini. Daga can ake fuskantar Annapurna ta biyu da ta huɗu, farare fat, kusa kamar a miƙa hannu. Babbar cikin jerin, wato Annapurna ta ɗaya, mai mita 8,091, ita ce dutse na farko cikin masu haura mita 8,000 da ɗan Adam ya taka ƙololuwarsa, lokacin da Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, suka hau a 1950. Ƙasar wannan ɓangaren busasshiya ce domin duwatsun suna tare ruwan damina, gidajen na dutse ne masu shimfiɗaɗɗen rufi da ake jibge itacen hunturu a kai, mutanen kuma mabiya addinin Buda ne masu al'ada irin ta Tibet. A ƙofar kowane ƙauye akwai dogon bango na duwatsu masu rubutun addu'o'insu, kuma suna wucewa ne bangon yana hannunsu na dama. Mun kiyaye wannan domin mutunta masu gari, su ma kuma ba su taɓa nuna mana ƙyama ba idan muka shimfiɗa darduma a kusurwar zaure. Alƙibla a can yamma ake fuskanta, mun yi kasaru mun haɗa salloli kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi, kuma mun riƙa sayen ruwan ɗumi a gora tun da dare domin alwalar asuba, tunda famfon waje yakan daskare.

A Manang, kan kimanin mita 3,540, kowa yakan ƙara kwana domin jiki ya saba. Ƙungiyar ceto ta Himalaya tana da ƙaramin asibiti a garin, inda likitoci 'yan sa kai suke yi wa matafiya bayani da rana a kan ciwon da hawa tudu yake jawowa, kuma wannan zaman shi ne mafi amfani a duk tafiyar. Abin da ake koyarwa a taƙaice shi ne, yayin da ake hawa iska tana yin sako-sako, har ya zama a Thorong La abin da mutum yake samu na oksijin a kowane numfashi kusan rabin na bakin teku ne. Jiki yana iya sabawa, amma a hankali, saboda haka bayan an wuce mita 3,000 ba a so wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Alamun farko su ne ciwon kai da tashin zuciya da rashin cin abinci da rashin barci. Idan aka yi biris aka ci gaba da hawa, ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa cikin ɗan lokaci. Wanda ya fara tangaɗi ko numfashi ya gagare shi yana zaune, maganinsa a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Ciwon ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya, sau da yawa ma matasa majiya ƙarfi ya fi kamawa domin su ne masu sauri.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Mai ciwon sikila bai kamata ya kusanci irin wannan tsayin ba, kuma ko mai rukunin jini na AS, wanda yake zaune lafiya a gida, ƙarancin oksijin yana iya toshe masa hanyoyin jini a saifa. Tunda wannan rukuni yana da yawa a cikinmu, ya wajaba mutum ya san nasa ya kuma ga likita kafin ya sayi tikiti. Haka nan inshorar da ta haɗa da ɗaukowa da jirgi mai saukar ungulu ba abin wasa ba ce, domin kuɗin ɗaukowar yana kaiwa dubban daloli.

Mun ga amfanin wannan karatu a Yak Kharka, sama da mita 4,000 kaɗan. Ƙanina ya tashi da ciwon kai, ya ture kwanon karin kumallo, amma ya dage a kan mu wuce. "Yaya, ba komai ba ne, idan na fara tafiya zai sake ni," in ji shi. Jagoranmu ya sa shi ya taka a kan miƙaƙƙen layi, diddige na bin yatsu, ya ga bai karkace ba, sannan ya ce ba sai an sauka ba amma ba za a hau ba. Mai gidan ma ta goyi bayansa, ta kawo shayin citta da miyar tafarnuwa, wadda mutanen wurin suke ba duk wanda tudu ya taɓa. Muka ƙara kwana, washegari ya tashi garau yana neman ƙari a abinci. Abokan tafiyar da muka saba da su sun wuce sun bar mu, kuma hakan ya yi masa ciwo, amma ba mu ɗauki jagora don mu ƙi jin maganarsa ba.

Daga Thorong Phedi, zango na ƙasan mashigin, tun kafin asuba ake tashi, domin a tsallake kafin iska mai ƙarfi ta taso da hantsi. Mun fita cikin duhu da tocila a goshi, ruwan gorarmu ya fara daskarewa, ba a jin komai sai numfashi da ƙarar sanda a kan ƙanƙara. Taku kaɗan sai a tsaya a huta. Sau da yawa mutum yakan hango tudu ya ɗauka shi ne ƙarshe, yana isa sai wani ya bayyana a bayansa. Da muka kai, akwai tarin duwatsu lulluɓe da tutoci masu launi biyar, da allo mai ɗauke da tsayin wurin, da wata 'yar bukka da ake sayar da shayi. Mun yi hamdala, ba mu daɗe ba muka juya. A wannan wurin ne, a Oktoban 2014, guguwar Hudhud da ta taso daga tekun Bengal ta jawo dusar ƙanƙara mai yawa ba zato, mutane fiye da 40 suka rasu a yankin, cikinsu har da jagorori da 'yan dako 'yan ƙasar. Tun a zauren masauki jagoranmu ya gaya mana cewa idan sama ta canza za mu koma, kuma mun amince tun kafin mu fita.

Gangarowa zuwa Muktinath, fiye da mita 1,600 a yini guda, ta fi hawan cin gwiwa. Garin wurin ziyara ne ga mabiya Hindu da Buda, yana da bututun ruwa 108 da masu ziyara suke wanka a ƙarƙashinsu duk da sanyi. Daga nan muka bi ta Kagbeni zuwa Jomsom da Marpha, garin 'yan ƙabilar Thakali mai lambunan tuffa, cikin kwarin da yake tsakanin duwatsun Annapurna da na Dhaulagiri, inda iska take kaɗawa kullum daga hantsi, abin da ya sa jiragen Jomsom da safe suke tashi.

A wannan ɓangaren mota ta riga ta shigo, kamar yadda ta kai Manang ta ɗaya gefen, kuma baƙi da yawa suna kukan cewa titi ya ɓata hanyar da ƙura. Gaskiya ne ƙurar tana da damuwa, kuma masaukan ƙauyukan ƙasa da motoci suke wucewa ba tsayawa sun yi asarar baƙi. Sai dai mai masaukinmu a Marpha ya nuna mini akwatunan tuffa da yake lodawa zuwa Pokhara, ya kuma ce a da idan haihuwa ta zo wa mace da gardama, a baya ake goya ta ko a jira jirgi. Ban ga yadda baƙon da zai koma gida bayan ɗan lokaci zai ce kada a yi musu titi ba. Ga mai son tafiyar ƙafa, an shata wasu ƙananan hanyoyi da suke kauce wa titin, an yi musu alama da fenti ja da fari a jikin duwatsu, kuma suna bi ta ƙauyukan da motar ta bari a gefe. Su muka bi duk inda jagoranmu ya ce suna da kyau, a ƙauyukan nan kuma muka riƙa tsayawa cin abincin rana.