Injin ya yi kyau, amma an rufe sashen

A kwas ɗin harkokin kasuwanci da na yi, an ba mu labarin kamfanin Williams na birnin Chicago a Amurka mu yi nazari. Sana'arsu ƙera injin wasan pinball: teburi ne mai ɗan gangare da murfin gilashi, ka jefa tsabar kuɗi, ƙwallon ƙarfe ya fito, kai kuma kana danna maɓallai biyu na gefe kana maido shi sama kada ya faɗa rami. A mashaya da gidajen wasa ake ajiye shi.

A 1992 kasuwa ta yi musu daɗi. Injinsu na The Addams Family, wanda Pat Lawlor ya tsara, an sayar da fiye da 20,000, abin da wani injin irinsa bai taɓa yi ba. Shekara shida kacal bayan haka, Cactus Canyon bai kai 1,000 ba. Yara sun koma wasannin bidiyo a gida, gidajen wasa suna ta rufewa. Ga shi kuma injin Williams ƙarko gare shi, wanda ya saya a 1993 ba ya gaggawar sayen sabo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda injiniyoyin suka ƙi naɗe hannu. George Gomez da Lawlor suka fito da tsarin da aka kira Pinball 2000. Suka ɗora allon talabijin a saman injin yana kallon ƙasa, suka sa gilashi mai ɗan duhu wanda hoton ke faɗowa a kansa. Mai wasa sai ya ga dodo yana tsaye a kan teburin, ya harba ƙwallon ƙarfe na gaske, ya same shi, dodon ya tarwatse. Dabarar tsohuwa ce, masu wasan kwaikwayo a Ingila sun yi amfani da ita tun ƙarni na 19 don nuna fatalwa a dandali. Sun kuma yi tunanin mai saye: maimakon ya sayi sabon inji, sai ya zare teburin ciki ya zura wani, ya canja manhaja, shi ke nan.

Na farko, Revenge from Mars, ya fito a 1999, aka sayar da kusan 7,000. A irin wannan kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, Star Wars Episode I, bai wuce rabin haka da yawa ba. A watan Oktoba na shekarar, uwar kamfanin, WMS Industries, ta rufe sashen pinball gaba ɗaya. Na ukun da Lawlor ke kan haɗawa, Wizard Blocks, ko kasuwa bai leƙa ba.

A aji, yawancinmu mun ɗora laifin a kan injin na biyu. Malaminmu ya ce mu duba me kuma kamfanin ke sayarwa. Ashe injinan caca ne, kuma a can riba take. Injiniyoyin suna auna sabon injinsu da tsofaffin da suka gabace shi, shugabanni kuwa suna auna shi da abin da dala ɗaya za ta haifa in an zuba ta a caca. Ni dai ban ga abin burgewa a wannan zaɓi ba, amma lissafin a fili yake, kuma ba a ɗakin zane aka yi shi ba.

Tun daga nan, in na kawo shawarar wani aiki a ofis, nakan fara tambayar abin da ke kan teburin manaja ban da nawa, da kuma wanda muke takarar kuɗi ɗaya da shi. Sau da yawa abokin takarar yana ofishin da ke kusa da nawa, muna gaisawa kullum.

A shekarar da Williams ya fita, Gary Stern ya sayi sashen pinball na kamfanin Sega, shi ma a yankin Chicago. Ba shi da injinan caca da zai koma wa, sai ya ci gaba da ƙerawa, ya shafe fiye da shekara goma shi kaɗai ne babban mai yin su a duniya.