Kamiyo na cin kuɗi ko yana tsaye

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, nakan tambaye shi: bayan ka biya kuɗin motar, me zai rage a hannunka? Yawanci sai a yi shiru. Na daɗe ina riƙe wa wani Alhaji littafin lissafin motocinsa a nan Tawa, kuma abin da na gani yana durƙusar da sabon shiga shi ne rashin kuɗin juyawa. An zuba komai a ƙarfe, an zauna ana jiran lodin farko ya biya sauran.

Takardu ba su da wuyar lissafi: duwan idan daga waje aka shigo da motar, kart giriz (takardar rajistar mota), inshora, binciken lafiyar mota, haraji. A tambayi farashinsu, a rubuta, a tuna cewa wasu duk shekara ake sabuntawa.

Inda ake ruɗewa shi ne hanya. Daga Tawa zuwa Yamai, ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya haura kilomita 500. Mai sabuwar mota sai ya ɗauki kuɗin lodi, ya cire gazuwal ɗin zuwa, ya ce sauran riba ce. To, dawowar fa? Idan ba a samu kaya ba, fanko za ta dawo, kuma man da za ta sha daga aljihunsa ne. Ga kamasho na wanda ya samo lodin, ga kuɗin hanya, ga abincin direba da yaron mota, ga ɗan abin da ake miƙawa a shinge, wanda ba shi da rasit amma ba ya fashi. Mu tafiya da dawowa muke lissafawa a shafi guda.

Sai taya. A zafin watan Afrilu, daidai lokacin da albasar Galmi da Madawa ke neman motoci, kwalta kan yi zafin da tsohuwar taya ba ta jurewa. Na ga buhunan albasa sun kwana biyu a bakin hanya suna tsiyaya, mai kaya na ta bugo waya, direba ya kwanta a ƙarƙashin mota yana jiran a aiko taya daga gari. Shi ya sa Alhaji ke ware kason taya da baƙin mai da gareji daga kowane lodi, tun kafin ya taɓa sisi. Masu bin hanyar Agadas da Arlit kuwa, kasonsu ya kamata ya fi haka, don ramukan hanyar sun sha karya sifirin.

Wasu na ƙara lodi fiye da kima don su cike giɓi. A ganina asara ce aka jinkirta: dokar 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta ƙayyade nauyi, akwai tara a ma'auni, motar kuma tana saurin tsufa.

Ba a cika sa kwanakin zama a kasafi ba. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke bin Kwatano da Gaya suka koma bin Lome suna ratsowa ta Burkina Faso, motoci suna shafe makonni suna jiran rakiyar soja. Duk tsawon jiran nan albashin direba na tafiya, inshora na ƙarewa, mai bin ka bashi kuma bai san da wata iyaka ba. Wanda duk zai fara, ina ba shi shawarar ya ajiye abin da zai riƙe motar wata uku ba lodi, ko da hakan zai sa ya sayi ƙaramar mota mai jigilar siminti daga Malbaza maimakon tirela.