Yaron shago ya fi Alhaji shiga haɗari

Mu nan Kano in aka ce wane ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, abin da za ka fara ji shi ne "ai lafiyarsa ƙalau, jiya ma tare muka yi magariba". To wa ya auna ƙalau ɗin? Mutum tun safe yana kasuwar Kwari ko Singa a tsaye, abincin rana sai bayan la'asar, ga bashin kaya ga kwastoma mai ciwon kai, ya koma gida waya ba ta bar shi ya runtsa ba.

Shi jiki in hankali ya tashi sinadarai yake saki, adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. Na ɗan lokaci ba komai, amma in ya zama kullum shekara da shekaru to jijiyoyin zuciya ne ke biyan kuɗin, balle an haɗa da sigari da lemon ƙara kuzarin nan da matasa ke ɗirka kamar ruwa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Ƙwadago sun ce mai aikin awa 55 ko fiye a sati haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kashi 17, in an gwada da mai awa 35 zuwa 40. Yanzu lissafa min, takwas na safe zuwa shida na yamma kwana shida awa 60 kenan fa, ɗan adaidaita sahu mai neman balas kuwa ba a magana.

Abin da ya fi tsaya min a rai binciken Whitehall na biyu ne da aka fara kan ma'aikatan gwamnati a Landan a 1985. Ƙananan ma'aikata sun fi manya kamuwa da ciwon zuciya, kuma cikin dalilan akwai rashin ta cewa a aikinka, sai dai a ce yi ka yi. Alhaji in ya gaji ya shige mota ya tafi, yaronsa ko fitsari sai ya nemi izini.

Dan Allah masu gida ku riƙa ba yaran nan hutu ko na yini guda. Kai kuma awon hawan jini ko a kemis ɗin unguwa ana yi, in kana ta ganin 140/90 ko sama ka wuce asibiti, kar ka tsaya shan farasitamol wai gajiya ce.